Mode Bai Gudu Ba

Daga: Hayatu Maigandi, baduku,
Shiyar Ƙofar Marke, Birnin Sakkwato.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Gasar Zumuncin Iyaka, Sakkwato.

Ta hannun: Malam Lawwali, magatakardan kwamiti.

Litinin, 12 ga Disamba, 1927, daidai da 17 ga Jumada Sani, 1346.

Game da: Hukuncin da aka yanke a karon ƙarshe na kokawa ranar Asabar 12 ga Nuwamba, da abin da aka rubuta a kan ƙanena Mode, da roƙon a gyara shi.

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma irin wanda ya kamaci talaka ya yi wa shugaba, ina neman gafara a kan lokacinka da wannan takarda za ta ci. Ni baduku ne, ba malamin ofis ba. Ɗan bokon da na iya wurin maƙwabcina na koya, don haka in an ga harafi ya karkace, hannun da ya saba da basilla ne ya riƙe alƙalami.

Ni ne yayan Mode, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne ɗan kokawar da ya tsaya wa Sakkwato a karon ƙarshe na gasar da kwamitinku ya shirya tsakanin mutanen wannan ƙasa da baƙi na ƙasar Faransa, a filin da ke bayan ganuwa. Yau kwanansa talatin a kwance, daga kafaɗunsa zuwa ƙafa babu inda ke motsi. Ba ƙarar kwanciyarsa na kawo ba. Wannan hukuncin Allah ne, mun karɓa. Abin da na kawo ƙara a kansa shi ne rubutun da aka yi cewa tsoro ya kama shi ya juya zai gudu. Ga yadda al'amarin ya gudana, bi da bi.

1. Mode bai nemi shiga wannan gasa ba. Manomi ne, shinkafa yake yi a fadama, kokawa kuwa sai kaka ta yi, an kai amfani gida, yake fita. Shekara shida ke nan babu wanda ya kai gwiwarsa ƙasa a garuruwan da ke kewaye da mu. Masinjan kwamiti ya zo masa ranar 20 ga Oktoba, ya sake zuwa ranar 24, duka biyun ya ba da haƙuri. Ya ce bai san baƙin ba, bai san irin kamunsu ba, kuma kokawar da za a yi da agogo da usur ba ta kwanta masa a rai ba. Ranar 29 sai masinjan ya zo rumfata, tunda ni ne babba. Ya ce baƙi sun cinye mu bara a gudu da tsalle, in bana suka haɗa da kokawa, mutuncin gari ya zube, kuma manya sun sa ido. Na ajiye fatar da nake ɗinki, na bi Mode har masussuka, na ce masa ya je. Tun muna yara bai taɓa tsallake maganata ba. Na rubuta wannan ne don kada a zaci ina ɗora wa wasu laifi ina wanke kaina. Ni na tura shi.

2. Ina roƙon Mai Girma ya yi haƙuri in bayyana abin da kowa a ƙasar nan ya sani, domin da alama ba a san shi a ofis ba. A kokawarmu, da zarar gwiwar mutum ko tafin hannunsa ya taɓa ƙasa, ya faɗi, magana ta ƙare. Ba a jiran wani ya busa komai. Wanda ya yi kaye sai ya sake abokin karonsa nan take, ya juya masa baya, ya ruga wurin makaɗa su yi masa kirari, sannan ya je ya durƙusa gaban dattawa. Juya bayan nan girmamawa ce ga wanda ya faɗi, don ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ba tare da ana tsaye a kansa ana kallonsa ba. Wanda ya danne mutumin da ya riga ya faɗi, ko ya kama wanda ya juya baya, ba a sake buga masa ganga a kowane fili. Haka muka tarar, haka ake yi daga nan har can ƙetaren iyaka, domin mutanen can ma Hausawa ne irinmu, kakanninmu fili ɗaya suka yi wasa kafin a kafa duwatsun iyaka.

3. Sai bayan abin ya faru muka ji cewa gasar tana da tata doka dabam, wai ba a faɗuwa sai an danne mutum kafaɗunsa biyu sun kwanta a ƙasa, alƙalin wasa ya busa usur. An rubuta dokar da Turanci da Faransanci, an liƙa a ƙofar ofishin kwamiti. 'Yan kokawar baƙi sojoji ne, sajensu ya yi wata guda yana horar da su a kanta a barikinsu. Namu su shida, manoma biyar ne da mahauci ɗaya, babu mai karanta ko alif na Turanci, kuma babu wanda ya tara su ya karanta musu. Malam Lawwali, wanda wannan takarda za ta bi ta hannunsa, mutumin kirki ne, ya gaya mini da bakinsa cewa da safiyar ranar ya tambaya ko a fassara wa 'yan wasa dokar, aka ce masa babu lokaci, ai kokawa kokawa ce. Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, ya ce in rubuta.

Za a iya tambaya, me ya sa ba a gane ba tun a karon farko? A karo biyar da suka gabata duk wanda ya faɗi da baya ya faɗi, warwas, sai dokarmu da taku suka zo daidai. A na shida ne suka rabu, a kan ƙanena.

4. Alƙalin wasan wani Bature ne ɗan kasuwa da kwamiti ya gayyato. Ban san sunansa ba, mutane Mai Usur suke ce masa. An ce ya yi kokawa a ƙasarsu yana saurayi, ban musa ba. Abokin karon Mode kuwa wani soja ne da ake kira Ɗan Hasana, mutumin Ƙonni, ƙato, ya fi Mode tsawo da kusan taƙi guda.

Sun shiga fili bayan la'asar. Ina zaune a sahun gaba, domin ni aka sa na ɗinka ɗamarar fata da za a ɗaura wa zakara, aka ba ni wuri kusa da rumfar manya. Sun daɗe suna kai hannu suna janyewa. Can Mode ya sami ƙafar hagu ta Ɗan Hasana, ya ɗaga, ya tura. Ɗan Hasana ya kai gwiwar dama ƙasa, ya dafa da hannu biyu. Ba ƙyaftawar ido ba ce, ya daɗe a haka har aka ga ƙura a gwiwarsa da ya ɗago. Fili ya ɗauki sowa, makaɗa suka saki ganga, har baƙin da suka rako 'yan wasansu wasu suka sunkuyar da kai, domin sun san abin da suka gani. Mode ya sake shi, ya juya, ya ɗaga hannu biyu sama, ya nufi wurin makaɗa yana dariya.

Ɗan Hasana ya tashi ya fara kakkaɓe gwiwa, ya juya zai koma wurin mutanensa. Sai sajensu ya daka masa tsawa da Faransanci. Ɗan Hasana ya dubi Mai Usur, Mai Usur ya yi masa nuni da hannu ya ci gaba. Na ga ya tsaya, ya sake duban saje, sajen ya sake yin tsawa. Sannan ya ruga, ya rungumi Mode ta baya a ƙugu, ya ɗaga shi sama ya maka shi da ƙasa, wuya ya riga sauka. Wanda ya san za a kama shi yakan ɗaure jikinsa. Mode jikinsa a sake yake, hannuwansa suna sama. Ɗan Hasana ya danne kafaɗunsa, ba a bukatar dannewar ma, aka busa usur.

Ganga ta tsaya. Ban taɓa jin taron mutane dubu ya yi shiru irin na ranar ba. A cikin shirun nan aka kira ni, ni da kaina, aka ce in miƙo ɗamara. Na miƙa, Allah ya sani ban san lokacin da na miƙa ba.

5. Mun ɗauko shi a kan ƙyauren ƙofa da muka ara a wani gida, domin mahaifiyarmu ta aiko cewa kada a kuskura a ɗora mata ɗa a makara da ransa. Siddiƙu maɗori ya duba shi, ya shafa bayan tun daga wuya, ya ce wannan ƙashi ba irin wanda ake ɗorawa ba ne. Ma'aikacin asibiti da aka turo washegari bai faɗi abin da ya saɓa wa haka ba.

Ranar Lahadi 13 ga wata, da hantsi, kafin motarsu ta tashi, Ɗan Hasana ya zo gidanmu shi kaɗai. Ya cire takalman soja a ƙofar zaure, ya durƙusa, yana kuka kamar ba shi ne ƙaton jiya ba. A gaban limamin shiyarmu da Siddiƙu maɗori da ni ya ce shi ne ya faɗi, ya san ya faɗi, uwarsa ma in tana wurin za ta ce ya faɗi. Ya ce soja ba ya ƙin umarni, amma da ya san haka za ta kasance da ya zaɓi bulalar bariki. Ya kwance ɗamarar daga cikin rigarsa ya ajiye a gabanmu. Liman ya ce ya ɗauka ya koma da ita, kada a ce ya zubar da kyautar manya a hukunta shi. Ya roƙi a kai shi wurin Mode, aka kai shi. Mode ya ce ya yafe masa duniya da lahira. Ba ni da ƙara a kan Ɗan Hasana, kuma ina roƙo kada wannan takarda ta zama sanadin da za a taɓa shi a can.

6. Ranar 16 ga Nuwamba aka liƙa sakamakon gasa a allon kwamiti, da sa hannun ɓangarorin biyu. Na kai maƙwabcina ya fassara mini. An rubuta cewa ɗan wasan Sakkwato ya karaya, ya saki abokin karonsa ya juya zai bar fili tun ba a busa usur ba, aka kamo shi aka kayar. Daga wannan allo wani ya kwafa ya aika Ikko, wato Legas. Ranar 2 ga Disamba wata jaridar Turanci ta iso garin nan ɗauke da labarin, an ƙara masa gishiri, wai zakaran ƙasar Ingilishi ya ga ƙaton Faransa ya ranta a na kare. Fataken da suka zo daga arewa sun ce a can ma an buga, ana karantawa a bariki ana dariya. An ce irin waɗannan jaridu har ƙasar Turai jirgin ruwa yake kai su. Ke nan mutanen da ba su taɓa jin sunan Sakkwato ba, abin da za su fara sani game da mu shi ne wani Mode matsoraci.

Ranka shi daɗe, wane mai gudu ne yake gudu da hannuwa a sama yana dariya? Wane mai gudu ne yake nufar wurin makaɗa, alhali ƙofar fita tana ɗaya gefen? Mutum dubu sun gani. Amma mutum dubun nan ba su da allo, ba su da jarida, kuma na lura tun da takarda ta fito wasu daga cikinsu sun fara cewa to, wa ya sani, tunda Turawa sun rubuta. Waɗanda ba su je filin ba kuwa, takardar kaɗai suka sani. A kasuwa yanzu in mahauta suna wa juna tsiya, sai ka ji an ce wane ya yi irin ta Mode.

7. Mun ɓoye masa. Matarsa Dije ta tsaya a ƙofar ɗaki tana gargaɗin duk mai shigowa dubiya. Kwana ashirin da uku yana kwance yana zaton duniya ta san shi ya yi kaye, abin da ya biyo baya tsautsayi ne. A kwanakin nan yana cin abinci, yana yi wa masu dubiya ba'a, har yana aika a gaya wa masu sussuka yadda za su yi da shinkafarsa. Ranar Litinin 5 ga Disamba wani tsoho daga ƙauyen kakanninmu ya zo, da kyakkyawar niyya, Dije tana wurin girki. Ya ce masa kada ya damu da abin da aka rubuta, su dai a ƙauye ba su yarda ya gudu ba. Mode ya sa aka kira ni daga rumfa. Ya ce in gaya masa abin da ke cikin takardar, kalma da kalma, kada in rage. Na gaya masa.

Tun ranar ya juya fuskarsa bango, wuyan nan shi kaɗai ya rage masa da yake iya juyawa. Ko kunu sai mahaifiyarmu ta haɗa shi da Allah yake kurɓa. Abin da yake maimaitawa shi ne, bayan da ya karye Allah ne ya rubuta, babu mai gogewa, amma wannan mutum ne ya rubuta, mutum yana iya gogewa. Yana da 'ya'ya biyu mata ƙanana. Ya ce ba ya so su girma a riƙa nuna su ana cewa ga ɗiyan wanda ya gudu.

8. Kafin in ɗauki alƙalami na je ofishin kwamiti da ƙafata sau uku. Ranar 6 ga Disamba aka ce Mai Usur ya koma kudu, ba a san ranar dawowarsa ba. Ranar 8 aka ce hukuncin alƙalin wasa ba ya tashi, haka dokar wasanni take a duk duniya. Ranar 10 wani babban ma'aikaci ya fito ya yi mini magana da taushi, ya ce takardar da ƙasashe biyu suka sa wa hannu ba a taɓa ta, gyara ta zai kunyata baƙi, kuma ai don zumunci aka shirya gasar. Na yi godiya na fito. A hanya na yi ta juya maganar, ban gane irin zumuncin da sai an bar ƙarya a kan gurgu yake tsayawa ba. In na yi rashin ladabi a wannan layi, a gafarce ni.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon Mai Girma abubuwa uku.

Na farko, a kira shaidu a tambaye su: limamin shiyarmu, da Siddiƙu maɗori, da sarkin makaɗan da ya yi kiɗa a ranar, da Malam Lawwali.

Na biyu, a cire takardar da ke allo a liƙa wata. Ban ce a karɓe nasara daga baƙi ba. In dokarku ta ba su, su riƙe, su riƙe ɗamarar ma. A rubuta kawai cewa Mode ya kai abokin karonsa ƙasa bisa al'adar ƙasar nan, ya juya ne don ya ɗauka wasa ya ƙare, kuma ba a karanta masa dokar gasa ba. A aika wannan gyara duk inda aka aika na farko, Ikko da ƙetaren iyaka.

Na uku, a turo masinjan nan da ya san hanyar gidanmu, tunda sau biyu ya zo wa Mode, ya karanta gyaran da Hausa a ɗakin da Mode yake kwance, ya ji da kunnensa. Ina roƙo a hanzarta, domin Siddiƙu ya ce jikin ya fara ƙuraje ta baya, numfashin kuma ba kamar da ba.

Ƙari, ranar Alhamis 15 ga Disamba.

Ranka shi daɗe, na tsai da takardar nan kwana uku ina jiran sarkin makaɗa ya dawo daga tafiya ya dangwala yatsa. Ban sake abin da na rubuta a sama ba, ko da yake wasu layukan sun daina zama daidai. Roƙo na uku na janye shi. Mode ya rasu yau da hantsi, mun kai shi kafin azahar.

Akwai abin da ya wajaba in sanar da Mai Girma. Jiya da la'asar ya farfaɗo daga magagin ciwo, ya gane mutane, ya tambaye ni ko takarda ta tafi. Tana cikin aljihuna a lokacin. Na ce ta tafi. Ya ce an amsa? Mahaifiyarmu tana riƙe da kansa, Dije tana bakin ƙofa, duka suka zuba mini ido. Na ce an amsa, Mai Girma da kansa ya sa hannu, an cire takardar da ke allo, an rubuta cewa bai gudu ba, har an aika Ikko. Ya ce alhamdu lillahi. Ya juyo da fuskarsa daga bango, ya nemi fura, ya sha ludayi uku.

Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa yi masa ƙarya ba sai jiya, kuma da sunanka na yi ta. In akwai hukunci a kan wanda ya ari sunan shugaba ba da izini ba, ga ni a rumfata, ba zan je ko'ina ba. Amma ya tafi da maganar nan a matsayin gaskiya, kuma zan tarar da shi. Ni ba ni da ikon mai da ita gaskiya. Kai kana da shi, layi uku ne da sa hannu.

Allah shi ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci, shi sa a duba wannan kuka da idon rahama.

Ni ne mai biyayya gare ka,

Hayatu Maigandi,
yayan marigayi Mode,
Shiyar Ƙofar Marke, Sakkwato.

Shaidun da suka dangwala yatsa: limamin shiya, Siddiƙu maɗori, sarkin makaɗa.